Bututun Mako Huɗu a Cikin Badamagare

Ni dai karatuna aji huɗu ne na firamare, sai allo da na taɓa har izu biyar, saboda haka duk wanda ya buɗe wannan takarda yana neman ilimin likita ya yi ɓatan kai. Amma in maganar bututu ce, to a gyara zama. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin fita a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Fita shi ne mai ɗaura bututu, ya kwance, ya toshe inda ke yoyo, ya buɗe inda ya toshe. Ruwan zafi, ruwan sanyi, tururi, da wannan baƙin ruwa mai wari da ke fitowa daga gangunan jima, duk ta hannuna suka wuce. Shi ya sa ranar da aka ce za a sa wa abokina bututu a cikin cikinsa, sai na ji kamar an kira sunana a lasifika.

Abokin nawa Badamagare ne. Ya sauka Kano yana saurayi, da jaka ɗaya da buta, aka ɗauke shi a sashenmu, muka wayi gari ni da shi muna jan sifana ɗaya. Kowa ya san abin da ke tsakanin Bakano da Badamagare, ba ma gaisawa sai da tsiya. Ni ina ce masa bawana, shi yana ce mini ɗan tireda, wai Bakano in liman ya juya baya sai ya sayar da tabarmar masallaci. Shekara ɗaya muka ajiye aiki. Ya yi gida a Zawaciki, ni ina Panshekara, kullum da hantsi sai in hau kekena in je ƙofar gidansa mu zauna mu yi ta yaɓa wa juna magana har a kira azahar.

Ciwon ya fara masa da wata irin murɗa a saman cibiya, mai ratsawa har gadon baya. Ya yi kwana goma sha a asibiti, aka sallamo shi, muka ce an rabu. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki sai ciki ya fara tasowa, ta sama, dab da haƙarƙari, shi kuwa mutumin yana ta ƙanjamewa. Loma uku ya ce ya ƙoshi, in ya matsa ya yi ta huɗu sai ta dawo. Mutumin da na sani yana share kwanonsa ya jawo nawa. Wata rana na dubi cikin na ce, "Bawana, wata nawa ke nan? A gaya mana da wuri mu nemi ragon suna." Ya ɗago ido ya dube ni, bai rama ba. Shekara arba'in ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba.

Babbar 'yarsa ce ta tsaya. Tana aure a Dakata, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin alewa a Bompai, ita ce mai bokon gidan. Ita ta yi ta bin layi har aka haɗa mu da likitan da ya san wannan aiki. Ni ma na bi su, na ce dole a samu wanda zai riƙa juya wa likita Hausar Damagaram zuwa Hausa.

Likitan sa'an ɗana ne, ko furfura ɗaya babu a gemunsa, amma yana da haƙuri. Ya ɗauki biro ya zana mana a bayan takarda. Ya ce ga tumbi nan, inda abinci ke sauka. A bayansa akwai wani nama dogo a kwance, ya kira sunansa da Turanci, fankiriyas, shi ke yin ruwan da ke narkar da abinci. Wancan ciwo na farko kumburin naman nan ne. Da kumburin ya lafa sai ruwa ya taru a gefensa, jiki ya yi wa ruwan bango ya zama kamar salka, salkar kuma ta yi ta cika har ta danne tumbi. Shi ya sa abinci ba ya samun wurin zama.

Na ce, "Likita, dakata. Wato tanki ne ya cika, ba a yi masa mafita ba."

Ya ce, "Kusan haka ne, Baba."

"Kuma ga babban layi yana wucewa a jikinsa."

"In tumbi kuke nufi, e."

"To ai sai a huda bango a haɗa su, ruwa ya bi babban layi ya tafi inda sauran ke zuwa."

Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce, "Baba, wane aiki kuka yi?"

Kafin in buɗe baki Badamagare ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa, "Kwata yake yashewa." Na ji daɗin wannan zagi fiye da kyautar riga.

Likita ya ce abin da za su yi ke nan, amma ba za a yanka ciki ba. Tiyo ne za a zura ta baki har tumbi. A kansa akwai fitila da idon kyamara, da wata na'ura mai gani ta cikin bango, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Da ita za su ga salkar, su ga inda jijiyoyin jini suka bi su kauce musu, sannan su huda. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da wani abu ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce irin wannan za a sa a hujin.

Jama'a, ɗan ƙaramin kalangu ne na ƙarfe. Tsawonsa bai kai gaɓar babban yatsana ba, tsakiya a tsuke, baki biyu a buɗe. Da siririyar waya aka saƙa shi kamar raga, aka lulluɓe da wata roba shara-shara. Baki ɗaya zai zauna a cikin tumbi, ɗaya a cikin salka, su kama bangayen biyu su matse su wuri ɗaya, ruwa ya bi ta tsakiya. Na juya shi, na matsa, ya lotsa, na saki, ya koma yadda yake.

Na ce, "Ina noti?"

"Babu noti."

"Walda fa?"

"Babu walda. A naɗe yake shiga, a cikin wani siririn bututu. In an kai shi wurin sai a sake shi ya buɗe da kansa, bakin can tukuna, a ɗan jawo, sannan na nan."

Ni da na yi shekaru ina shiga cikin tanki a durƙushe, ina riƙe noti ta ciki, Badamagare yana ɗaurewa ta waje yana zagin wanda ya ƙera tankin, yau ga abu yana ɗaure kansa da kansa ta fuska biyu. Wallahi sai da 'yar ta taɓa ni ta ce, "Baba, ku mayar wa likita kayansa."

Sai likita ya gyara zama ya ce, "Amma ku saurari wannan da kyau. Wannan ƙarfe ba na zama ba ne, na wucin gadi ne. Bayan mako huɗu za ku dawo a yi hoto, mu cire shi. Kafin nan in kun ga zazzaɓi, ko aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi, kada ku jira gobe."

'Yar ta rubuta a wayarta. Ni da Badamagare muka dubi juna ta gefen ido, muka ce tare, "To, ranka ya daɗe."

Dole in tsaya a nan in yi bayani, don kada a ɗauke mu mahaukata. A kamfaninmu, duk ranar da layi ya fashe, injiniya zai zo da farar hularsa ya tsaya nesa da ruwan, ya ce ku yi haɗi na wucin gadi, nan da mako huɗu kayan gaske za su iso daga waje a canza. Mu ce to, ranka ya daɗe. Mun ga injiniyoyi Turawa, mun ga Indiyawa, mun ga namu na gida, duk bakinsu ɗaya. Akwai haɗin da na yi a bayan tukunyar tururi shekarar da aka haifi ɗana na fari. Ɗan nan aka yi masa kaciya, ya yi sauka, ya yi aure, haɗin yana nan yana jiran kayan gaske. Sau ɗaya tak aka kawo wani sabon injiniya mai zafin kai, ya ce lallai a kwance wani tsohon haɗi a bayan sito, wanda ke aikinsa lafiya lau, a sa na ƙa'ida. Muna taɓa shi layin ya tsage har wuri uku, aka yi kwana biyu ba a jeme fata ko ɗaya ba. Daga ranar duk fitan da ya ji labarin ya riƙe abu ɗaya: haɗin da ya kama, ba ya yoyo, ba ya ƙara, ko kusa da shi ba a zuwa da sifana. Da wannan kunnen muka saurari likita.

Ranar aikin na so a bar ni in shiga. Na gaya wa nas cewa ni ma ɗan sana'a ne, ba zan taɓa komai ba, ido kawai. Ta ce, "Baba, ga benci can." Na zauna ina jan carbi, rabi ina yi wa Badamagare addu'a, rabi ina tunanin yadda za a ce tiyo ya sha kwana a maƙogwaro bai karye ba. Ko awa ɗaya ba a cika ba aka turo shi yana barcin allura, baki a sake. Abin da na fara yi shi ne na ɗaga rigarsa. Babu yanka, babu ɗinki, ko filasta babu. Na sake dubawa ta gefe, ko sun ɓoye a can.

Da likita ya ga na ƙi barin ƙofarsa, sai ya kira ni ya nuna mini hoton aikin a kwamfuta, mai motsi. Na ga cikin tumbin Badamagare, ja sumul, yana sheƙi, na ce ashe cikin nasa ya fi fuskarsa kyau. Na ga ɗan kalangun ya fito a naɗe ya buɗe baki. Sai ruwa ya ɓalle. Ruwa mai duhu, kalar baƙin shayi, yana tunkuɗo kansa cikin tumbi, ana zuƙe shi da tiyon yana ƙara zuwa. Na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce a maimaita. Sau uku aka maimaita mini, a na huɗu likita ya ce yana da marasa lafiya.

Kwana biyu ciki ya fara sauka. Kwana biyar ya sha kunu kofi guda ya nemi ƙari. Kafin mako biyu ya cika na same shi a ƙofar gida da kwanon dambu, ya kare shi da hannu yana cewa, "Matsa can, ɗan tireda, kada ka ɗauke ka sayar mini da abina."

Ni kuwa na zama mai wa'azin bututu. Na ba da labarin a wurin mai shayi, na ba da shi a ƙofar masallaci, har Sharada na hau mota na je wurin tsofaffin abokan aikinmu da suka buɗe rumfar walda, na tsuguna na zana musu a ƙasa da guntun ƙarfe. Wani ya ce ƙarya ne, ba a ɗaure abu ta fuska biyu ba da noti ba. Na ce ya zo Zawaciki ya ga mutumin yana cin dambu. Biyu daga cikinsu sun zo kuwa, suka zauna suna kallon cikinsa kamar an kawo sabon inji, shi kuma yana ta hura hanci. Na ma gwada ƙera nawa. Na samu wayar burkin keke na warware ta, na wuni ina saƙa, na huda robar ruwa biyu na haɗa su da abin da na saƙa. Ruwan ya bi ta ko'ina ban da ta tsakiya, ya jiƙa mini wando. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, in asibitin za ka buɗe a gaya mana da wuri mu tashi." Wannan bai rage mini komai ba, sai ma ya ƙara mini ganin girman wanda ya ƙera na gasken.

Ranar cika mako huɗu Talata ce. Ran Lahadi 'yar ta kira ni a waya. Ta ce masu duba ingancin kaya za su zo kamfaninsu a makon, ba za a bar ta ta fita ba. "Baba, ku ne kuka fi kowa gane bayanin likita. Don Allah ku raka shi, kuma kada ya ci komai da safe." Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin yana hannun masu shi.

Ran Litinin na je na same shi a ƙofar gida, muka zauna. Can ya ce, "Kai ɗan tireda, tsakaninka da Allah, me ka gani game da goben nan? Ni tiyon nan kwana uku na yi ina jin sa a maƙogwaro."

Na gyara hula. Na ce, "Bari mu duba yadda ake dubawa. Yana ciwo?"

"A'a."

"Kana jin wani motsi, ko ƙara?"

"Sai ta yunwa."

"Abinci yana wucewa?"

"Har yana neman ƙari."

"To haɗi ya kama. Mu je mu taɓa shi don me? Ka manta layin bayan sito?"

Ya ce, "Ina fa zan manta, ni ruwan ya fara wankewa."

Na ce, "Likita mutumin kirki ne, amma dole ya faɗi abin da ke cikin littafi. Injiniya ma haka yake faɗa."

Talatar nan a ƙofar gidansa muka yi ta, mai gurasa ta zo wucewa muka tsaida ta. Da yamma 'yar ta kira, na ce mata an ɗaga zuwa wani lokaci. Ta ɗauka asibiti ne suka ɗaga. Na ji sarai ta ɗauka hakan, ban gyara mata ba. Wannan ne abin da har yau in na tuna ina cin abinci sai in tsame hannu. Daga baya muka gane asibitin sun yi ta kiran wayarsa, shi kuwa ba ya ɗaga lambar da bai sani ba, wai 'yan damfara ne.

Mako na biyar lafiya, na shida lafiya. Har na fara tunanin in na haɗu da likita zan ba shi shawara a hankali, ba a gaban mutane ba.

A cikin na bakwai, wata safiyar Alhamis, na jingine keke ban ga tabarma a ƙofar gida ba. Na yi sallama aka ce in shigo. Yana kwance a ɗakinsa, ya ce jiri ne kawai, in ya miƙe sai ƙasa ta juya. Na kama hannunsa, tafin fari fat kamar fatar da aka tsamo daga ruwan toka. Na ja ƙasan idonsa, nan ma babu ja. Na ce, "Bawana, gaya mini abin da ba ka gaya wa mutanen gida ba." Ya juya fuska bango. Irin wannan magana ba ta da daɗin faɗa tsakanin dattawa. Can ya ce tun shekaranjiya in ya zaga, abin da ke fita baƙi ne wuluk kamar kwalta.

A aikinmu, in ruwan da ke fita ta ƙarshen layi ya canza kala, ba a tambayar kowa, wani abu ne ke cinyewa a ciki. Maganar likita kuma ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, wadda na saurara ina gyaɗa kai. Na fito na tsaida adaidaita sahu, muka cicciɓo shi ni da direban. Muna hanya na kira 'yar. Ban yi doguwar gaisuwa ba. Na ce, "'Yata, ba asibiti ne suka ɗaga ba, ni ne. Ƙarfen yana ciki har yanzu, kuma ina jin jini yake zuba. Ki same mu a can." Sai ta ce, "To, Baba," ta kashe.

Ban taɓa sanin manyan motocin da ke fitowa daga Challawa suna da yawa haka ba sai ranar. Kowace tirela ta ga dama ta tsaya a gabanmu ta yi ta juyi. Kansa yana kafaɗata, ina ta yi masa surutu don kada ya lumshe ido. Na zagi garinsu, na zagi rawaninsu, na ce ko ruwan kirki babu a Damagaram sai na jarka. Sau ɗaya ya motsa baki ya ce, "Ƙarya kake." Na ce, "Alhamdu lillahi, ci gaba."

Likita bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da na fi samun sauƙi. Ya sa aka ɗaura wa Badamagare ruwa, aka ɗebi jini, aka tafi da shi hoto. Sannan ya juyo gare ni a baranda, 'yar tana tsaye a gefe, ko rigar aikinta ba ta cire ba. Ya ce, "Baba, me ya hana ku dawowa?" Na gaya masa gaskiya, har da layin bayan sito. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, "Tankinku na ƙarfe ne. In ruwa ya ƙare yana nan tsaye yadda yake, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"Wannan salka ce ta nama. Da ruwan ya fita sai ta lotse, bangon can ya matso ya kwanta a kan bakin ƙarfen. Duk numfashin da ya ja, ƙarfen yana gogar nama, kuma a bayan naman nan jijiyoyin jini ne. Ta cikin tumbi kuma nama yana tofowa yana rufe shi. Da zarar ruwan ya ƙare, ƙarfen ba shi da sauran amfani sai ɓarna. Shi ya sa muke ƙidaya makonni."

Na riga shi isa ƙarshen maganar. Ni da hannuna na sha canza tiyon roba da bakin bututun ƙarfe ya cinye, a wurin da inji ke girgiza. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san in ƙarfe da abu mai laushi suka daɗe suna gugar juna, ba ƙarfen ne ke jin jiki ba. Na san wannan tun likitan bai shiga makaranta ba. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa Badamagare abu ne mai laushi ba.

Aka ce ana bukatar jini. Na naɗe hannun riga na miƙa. Nas ta tambayi shekaruna, na rage biyar, ta ce ko goma na rage ba za a ɗiba ba. Mijin 'yar da ƙaninta suka bayar. Aka shiga da shi, aka rufe ƙofa, na koma benci. Wannan karon ban yi tunanin tiyo ba. 'Yar ta zauna a ɗaya ƙarshen, tsakaninmu wurin mutum uku, ba wanda ya zauna.

An daɗe fiye da na farko. La'asar ta yi, na je na yi salla na dawo, ƙofa tana rufe. Da likita ya fito sai da ya cire abin rufe hancinsa ya sha ruwa kafin ya yi magana. Ya ce ƙaramar jijiya ce ƙarfen ya ci, ba babbar ba. Nama ya fara hawa bakinsa, sai da suka yi dabara kafin ya fito, amma ya fito, jinin kuma ya tsaya. Salkar ta riga ta tsotse, babu sauran ruwa. Zai yi kwana uku a gado a ga yadda jikin zai yi. 'Yar ta ce, "Likita, da mun ƙara kwana biyu fa?" Ya ce, "Ban sani ba, Hajiya, kuma na gode wa Allah da ba mu gwada ba."

Bayan ya wuce ta juyo. Ni na tauna dabino na sa mata a baki ranar da aka haife ta, kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba sai ranar. Ta ce, "Baba, da kun ce mini ba za ku je ba, da na bar musu aikin na zo. Ba rashin zuwan ne ya fi ƙona mini rai ba." Na ce, "Na sani, 'yata." Na cire hula na riƙe a hannu, ban san dalili ba.

Washegari da hantsi ya farfaɗo sosai, har an ba shi ruwan shayi. Muna tsaye a kansa ni da ita, ba mai yi wa wani magana. Ya dube ta, ya dube ni, ya gane abin da ake ciki. Ya ce da ita, muryar a shaƙe saboda tiyo, "Ke, rabu da shi, laifina ne. Mutum da hankalinsa, da iyalinsa, ya rasa inda zai nemi shawara sai wurin Bakano." Ta so ta daure, dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da mayafi, sai kuma hawaye. Ni kuwa na juya ina duba ƙarfen da aka rataye ledar ruwa, wai ina ganin yadda aka yi waldarsa.

Ranar sallama likita ya ce saura aiki ɗaya. Abin da ya tayar da ciwon tun farko tsakuwa ce a maɗaciya, in ba a cire maɗaciyar ba zai iya dawowa. Ya rubuta rana a kati, bayan mako shida, ya miƙa wa 'yar. Ta karɓa ta karanta, ta daɗe tana juya shi a hannu. Sai ta miƙo mini da hannu biyu.

Ta ce, "Ni in na faɗa masa sai ya ce to, ya je ya yi abin da ya ga dama. Maganarku yake ji, Baba, mai kyau da marar kyau. Ga shi nan."

Rubutun likita ya fi ƙarfin aji huɗu, don haka na sa aka karanta mini ranar sau biyu, na je gida na rubuta ta da alli a bangon ɗakina, da ajami. Aikin dai an yi shi lafiya. Ana gobe za a yi shi na je da kaina na gaya wa mutanen gidansa lokacin da za a daina ba shi abinci, na tsaya sai da suka maimaita mini. Ranar kuwa ana idar da sallar asuba ina ƙofarsa da adaidaita. Muka isa asibiti masu shara ba su gama ba, mai ba da kati bai zo ba, mu kaɗai.

Ya ƙudundune cikin babbar riga yana hararata. Ya ce, "Yanzu don Allah ko ƙofar ma ai da ƙyar aka buɗe mana."

Na ce, "Zauna, bawana. Takwas aka ce."

"Agogon naka me ya ce?"

"Shida da minti goma."

Ya ja tsaki, ya gyara riga, ya samu wuri ya zauna. Muka yi ta jiran mai kati.